Gem ɗin Tanti Akuavi

"Ka laluba ta ƙasa mana! Ramuka uku ne, ja da fari da ɗorawa."

Ina tsaye a kan kujerar katako, kumatuna manne da bango, hannuna ya shige bayan talabijin har gwiwa. Tanti Akuavi tana zaune a kujerarta mai hannu, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan bokitin da aka kife mata, tana nuna mini hanya da sandarta.

"Tanti, babu ramuka uku a nan."

"Akwai."

"Na rantse miki babu. Wasu 'yan sirara ne kawai, kamar bakin asusu."

"Dossou, tun kana yawo ba wando nake jona wannan abin. Duk talabijin ɗin duniya ramuka uku gare shi. Hannunka ne gajere."

Na sauko ina share gumi da rigar aikina. Abinci fa kawai na dawo ci. Babur ɗina yana ƙofar gida, injinsa ko hucewa bai yi ba, tuwon akasa da miyar kifin da matata Fifame ta zuba mini suna can suna sanyi, fasinjoji kuma suna titi wasu 'yan acaɓa na kwashewa. Amma a gidanmu na unguwar Akpakpa, in Tanti ta buga sandarta a murfin tukunya, ba ka da ta cewa. Ɗakinta yana kallon namu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ba uwata ba ce, ba dangin kowa ba ce a gidan, amma ita ta yi wa 'yarmu Sena wankan farko, kuma ba ta bari mu manta.

Duk wannan wahalar Setonji ne ya ja mini. Shi ne ɗanta tilo, malamin makaranta ne a Libreville. Ya zo hutun Ista ya tarar da uwarsa zaune gaban tsohon talabijin mai doro, wanda sai an mare shi a gefe yake farkawa, sai kunya ta kama shi. Ranar da zai koma, ya jira Fifame ta raka ta ganin likita, ya kawo wani shafaffe mai faɗin ƙofa aka kafa a bango, ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗauke tsohon. Da ta dawo ta gani, ta tafa hannu, ta rera waƙar coci, ta sa masa albarka har ya yi ƙwalla. Motar da za ta kai shi filin jirgi tana shan kwana, murfin tukunya ya fara ƙara.

Tanti ba labarai take kallo ba, ba fim ba, ba wa'azin coci ba. Gem take bugawa. Marigayi mijinta, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, shi ya sayo wa Setonji injin daga hannun wani matuƙi tun yaron yana firamare. Wani ɗan akwati ne ruwan toka, da kaset ɗaya da ake cusa masa ta sama, da abin dannawa guda biyu da Tanti ke kira linzami. Yaro ya yi yayinsa ya watsar, uwa ta ɗauka. Wasan kuwa, bulo ne iri-iri ke faɗowa daga sama, kana juya su kana jerawa. In layi ya cika ba rami sai ya ɓace, in ka bari suka taru har sama an cinye ka. Tanti ta ƙare ƙuruciyarta tana lodin tumatirin gwangwani da sabulu da taliya a manyan motocin da ke zuwa garin Malanville, direbobi suna shakkarta don ba ta barin gurbin da ɓera zai kwanta. Da ciwon zuciya ya zaunar da ita, ƙafa ta ƙi kai ta kasuwa, sai lodin ya koma cikin talabijin.

Na ce mata, "Ki kira Setonji ki gaya masa."

"In gaya masa me? Kyautarsa ba ta da amfani?"

"To ki haƙura ki kalli fim kamar sauran tsofaffi."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta miƙa hannu ta ɗauki robar magungunanta, ta ajiye ƙarƙashin kujera, ta tura ta ciki da sanda.

"Ƙwaya ɗaya ba za ta wuce maƙogwarona ba sai bulo ya faɗo."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Washegari da safe Fifame ta tare ni ina ɗaura hular kwano.

"Baban Sena, ba ta sha na jiya ba, ba ta sha na yau ba."

"Ki matse mata hanci ki ɗura."

"Kai ka je ka matse. Ƙafarta ta fi jiya hawa. In matar nan ta mutu a kan waya, ni dai na gaya maka."

Haka na tsallaka gada na shiga kasuwar Dantokpa, na ajiye babur, na bi layin masu kayan wuta har wurin wani Razaki, wanda wayoyi ke reto ko'ina a shagonsa kamar hanjin akuya. Na fara yi masa bayani. Tun ban rufe baki ba ya ciro wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, gefe ɗaya ramuka uku masu launi, ɗaya gefen siririn rami.

"Babban yaya, an gama. Wannan ko talabijin ɗin jirgin sama ne zai kama."

Na kawo, na jona, na kunna. Fuskar talabijin ta yi shuɗi, wani ɗan rubutu yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Me ya rubuta?" in ji Tanti.

"Ya ce bai ga komai ba."

"To, ku biyu ke nan."

Na koma wurin Razaki rana tsaka. Ya juya akwatin, ya karanta bayansa, ya yi tsaki kamar ni na yi masa laifi.

"Ai ba ka ce tsoho ne zai shiga sabo ba. Wannan sabo yake kaiwa cikin tsoho."

"Na gaya maka! Har launin injin na gaya maka!"

"Babban yaya, kana magana babura suna wucewa."

Ya canza mini da wani fari, kamanni ɗaya sak. Shi ma da na jona, shuɗi. Na sake tsallaka gada ina tsara a raina abin da zan faɗa wa Razaki game da shi da iyayen gidansa. Ina isa ya ce ai wannan wutarsa daban yake ci, ya miƙo mini wata 'yar waya da ya manta bai sa a leda ba. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ran nan na fi ratsa gadar da akwatin ashana a aljihu fiye da yadda na ratsa ta da mutum a baya.

Ina jona 'yar wayar, kiɗan gem ɗin ya fashe a ɗakin, wani siririn kiɗa kamar ana busa sarewar roba. Tanti ta gyara zama, idonta ya buɗe. Hoton kuwa baƙi da fari ne, yana ta gudu sama kamar ana jan zane daga igiya.

"Murya ta zo," ta ce. "Saura ka kamo jikin."

Fifame ce ta hango wani ɗan makunni a gefen akwatin, ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa. Ta zare tsinken kitso daga kanta ta ture shi. Hoto ya tsaya cak, launi ya zubo, bulon farko ya fara saukowa. Fifame ba ta tsaya murna ba, ta durƙusa ta jawo robar magani, ta miƙa mata da kofin ruwa. Tanti ta haɗiye ba tare da ta ɗauke ido daga bango ba. Ni kuma na fara tattara ledoji zan fita.

"Tsaya. Wannan ba bulona ba ne. Nawa kusurwarsa huɗu daidai, wannan burodi ne."

Gaskiya ne, talabijin ɗin ya ja hoton ya baje shi. Na ɗauki rimot na yi ta lalube har na matse shi ya koma tsakiya, gefe da gefe suka yi baƙi.

"Yanzu kuma ya cinye gefuna. Duk faɗin nan na banza ne?"

"Tanti, ki zaɓi ɗaya. Ko burodi, ko baƙin gefe."

Ta yi ƙwafa, ta ɗauki linzami. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran godiya. Bulo ya sauko, ta danna, ya zauna a karkace. Na biyu ya toshe rami. Kafin a jima sun taru har sama, an cinye ta. Ta sake, aka sake cinye ta. Matar da nake jin kiɗan wasanta ta bango yana ƙara sauri har sai na gaji na yi barci, yau ko layi biyar ba ta share ba.

"Wannan talabijin maƙaryaci ne."

"Me kuma ya yi?"

"Ina dannawa, yana tunani. Sai bulo ya wuce wurin sannan ya juya."

Na karɓa na gwada. Na danna, ya juya.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Kai da ba ka iya ɗaure kwali biyu a bayan babur ba, kai ne za ka gani?"

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Setonji ne, kiran bidiyo. Ta ɗaga mini sanda.

"Sunkuya! Kwashe ledojin nan!"

Na durƙusa bayan kujerarta da tarin wayoyi a ƙirji, ni magidanci mai furfura a gemu. Muryarta ta koma zuma.

"Ɗana! Ka sauka lafiya? Kalli, kalli yadda ya cika bango. Duk unguwa sun zo gani."

"Mama, gem ɗinki ya kama kuwa? Sai da jirgi ya tashi na tuna."

"Tun ranar. Dossou ya zo, tsuk, ya jona. Ko zama bai yi ba. Kai dai ka ci abinci, ka rame."

Tana kashe wayar ta zungure ni da sanda. "Tashi ka gyara."

A nan ne haƙurina ya ƙare. Na zubar da wayoyin a ƙasa.

"Tanti, na gaji! Yini guda ban ɗauki mutum ba. Ni ba ɗanki ba ne. Ɗanki yana can yana jin daɗin ƙaryar da kike masa, ni ina nan ina shaƙar yanar gizo a bayan bango. Hannunki ne ya tsufa, ba talabijin ba!"

Fifame ta dafe baki. Ɗakin ya yi tsit, ban da sarewar nan ta roba. Tanti ta naɗe wayar linzamin a jikinsa a hankali, ta ajiye a cinya.

"In ka fita ka ja mini ƙofa."

Daga ran nan murfin tukunya ya yi shiru. Da farko na ji daɗi, na ci abincina da zafi, na yi aikina. Amma shirun ya fara damuna fiye da ƙarar. In na shigo gida sai in ga idona ya tafi labulenta. Fifame ta koma yi mini magana da bayanta.

"Tana shan magani?" na tambaya wata safiya.

"Tana sha. Ko gardama ba ta yi, shi ne abin da ya ba ni tsoro. Ta ce in juya mata kujera ta kalli ƙofa. Kunun ma cokali kaɗan take taɓawa."

Na bi sawun masu tsofaffin ƙarafa har inda suke tara kaya a bakin tafki. Na sami tsohon talabijin ɗin, na gane shi da hoton Maryamu da ta liƙa masa a gefe. An fasa doronsa, an kwashe jan ƙarfen cikinsa, kaza har ta fara kwana a ciki. Daga nan na tuna mai askina, Mahunyo, yana da irinsa ƙarƙashin tebur yana ɗora tawul. Na roƙe shi aro, muka ɗaure shi a bayan babur da roba. Ina hawa titi ruwa ya ɓalle. Na cire rigar ruwata na lulluɓe talabijin, ni na jiƙe har cikin wando. Layinmu ya zama rafi, na sauka na tura, na ɗauko abin nan a ƙirji kamar buhun siminti na dire shi a tsakiyar ɗakinta.

"Mene ne wannan?"

"Ramuka uku, Tanti. Ki ƙirga da kanki."

Ta daɗe tana kallonsa. Na ga yatsunta suna motsi a cinya. Sannan ta kau da kai.

"Mayar masa."

"Na'am?"

"Setonji yana kira duk Lahadi. In ya hango doro a ɗakina me zan ce masa? An gaya mini yaron nan zama ya yi a kujerata yana auna tsayin idona, wai kada wuyana ya yi ciwo."

"Sai mu ɓoye shi in zai kira."

"Ka ɗaga ka sauke duk Lahadi, da wannan bayan naka? Ka ga yadda kake huci?"

Ruwa yana ɗiga daga haɓata zuwa ledar ɗakinta.

"Dossou," ta ce, muryarta ta sauka. "Likita ya karɓe gishiri. Ƙafa ta karɓe kasuwa. Matarka ta karɓe tukunya. Abu ɗaya ya rage mini a duniya da nake ce wa koma can ya koma. Ina son abina, kuma a cikin na ɗana nake son shi. Na cika fitina?"

"Kin cika fitina, Tanti."

"Na sani. Mayar masa kafin ya jiƙa mini leda."

Na mayar. Mahunyo ya yi mini dariya har ya kusa yanke kunnen wani.

Bayan nan duk wanda ya hau bayana sai ya sha labarin, ko yana so ko ba ya so. Wani ya ce in kai ta coci a yi mata addu'a, wani ya ce in tashi daga gidan. Wata safiya na ɗauko wata matashiya mai kwat da jakar ofis za ta unguwar Ganhi. Muna tsaye a danja ina ta zuba, sai ta taɓa kafaɗata.

"Kawu, tsohuwar tana da gaskiya fa."

"Ke ma?"

"Sabbin nan suna tsayawa su yi wa hoto kwalliya kafin su nuna shi, shi ne jinkirin. Mai kallon fim ba zai ji ba, mai buga gem zai ji. Ka shiga wurin gyaran hoto a rimot, za ka ga inda aka rubuta na wasa. Ka zaɓe shi, ka kashe duk sauran kwalliyar."

"Ke kina buga gem ne?"

"Me ka ɗauka nake yi a ofis?"

Na sauke ta, na juya kan babur sai gida. Abin da ya fi ƙona mini rai a hanya shi ne ashe Tanti ce mai gaskiya. Na shiga ɗakinta ban jira izini ba, na juya kujerarta da ita a kai, tana faɗa ina yi kamar ban ji ba. Na ɗauki rimot, na bi abin da yarinyar ta ce, na kunna injin, na warware linzami na sa mata a hannu.

"Danna."

Ta harare ni, ta danna. Bulo ya juya. Ta sake dannawa. Sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ta matso gaba, leɓenta na ƙasa ya shige baki, yatsun nan masu kumburi suka fara aiki. Ban taɓa tsayawa na kalle ta tana yi ba sai ran nan. Tun bulo yana sama ta riga ta san gidansa. Ba ta barin rami, gefe ɗaya kawai take bari a buɗe tana jiran dogo, in ya zo ta zura shi layuka su tafi gaba ɗaya. Kiɗa ya yi sauri, ya ƙara sauri, Fifame ta shigo da ludayi a hannu ta tsaya. Can dai suka fi ƙarfinta suka taru.

Ta sauke numfashi. "Da saura kaɗan."

Na buɗe baki zan fashe, ta ɗaga mini hannu.

"Zauna. Wannan jinkirin ba na talabijin ba ne. Nawa ne."

Ta juya yatsunta tana dubawa, gaba da baya, kamar kayan da aka kawo mata ba su ta saya ba. Sannan ta nuna ɗaya linzamin da haɓa.

"Ɗauka. Bari in nuna maka hannun da ya tsufa."

Ta yi mini cin da har yau ban gaya wa kowa a tashar acaɓa ba.

Haka muka ci gaba har damina ta yi nisa. In na dawo cin abinci sai ta kira ni, ta lallasa ni, ta zage ni, ta sallame ni. "Rami! Ka bar rami! Da kai yaron motata ne da tun a garin Bohicon zan sauke ka." Abincina ya koma sanyi kamar da. Amma numfashinta yana gajarta, muna gani. Ta daina kwanciya, a zaune take barci. Wani lokaci tsakiyar zagi sai ta tsaya ta nemi iska, ni kuma in yi kamar ina gyara waya har ta samu ta ƙarasa.

Wata Asabar da hantsi Fifame ta kira ni a waya tana kuka. Na taho da tasi. Na tarar da Tanti numfashinta yana ƙara kamar ana yanka katako, leɓunanta sun yi duhu, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, kuma linzami yana hannunta.

"Tanti, mota tana waje."

"Bari in gama."

"Tanti, don girman Allah!"

"Ka ga inda na kai? Rabona da nan tun ina da ƙafa."

Kiɗan yana gudu kamar zai tsinke. Ta jera lodinta tsaf har kusan rabi, ta bar gefen dama a buɗe. Sai ga dogon bulo ja ya leƙo daga sama. Tari ya sarƙe ta. Ta danna wurin tsayarwa. Komai ya daskare, dogon yana rataye.

"Kada wanda ya taɓa," ta ce da ƙyar. "Tun ɗazu nake jiransa. In na dawo zan saka shi."

Ni da direba muka ɗauke ta da kujerar. A bakin mota ta hango yadda ya cusa jakarta da bokiti a but, ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata ta ce, "Wa ya koya maka lodi?"

Ba ta dawo ba. Ta cika ranar Litinin, ina layin karɓo magani, Fifame tana riƙe da hannunta. Ta ce abu na ƙarshe da Tanti ta tambaya shi ne ko an ɗauke wuta a gida.

Ba a ɗauke ba. Talabijin ɗin yakan kashe kansa in ya gaji, amma 'yar jar fitilar injin tana nan, in na kunna sai in ga dogon yana rataye inda ta bar shi. Injin ya yi zafi, na kawo fankarmu na saita masa. Na naɗe soket ɗin da filasta. Ban san me nake nufi da hakan ba, na dai ƙudura cewa Setonji zai gani da idonsa kafin a kashe. Shi kuwa yana can yana fama da neman jirgi.

Dangi suka cika gidan, na Ouidah da na Abomey, mutanen da ban taɓa gani ba duk tsawon jinyarta. Suka baje tabarmi, suka fara gardamar launin anko da wace ƙungiyar mabusa za a ɗauko. Duk wanda ya nufi ɗakin sai na tare shi.

"Kun ga wannan soket ɗin? Kada a taɓa."

"Wane ne wannan?" na ji wata tana tambaya.

"Maƙwabci ne. Mutuwar ta taɓa shi."

Ranar da Setonji zai sauka aka aike ni ɗauko masu kafa rumfa. Na dawo na leƙa ɗakin, na tarar da wata 'yar ƙanwar mijin Tanti, ƙatuwar mace mai gashin doki, ta miƙe ƙafa a kujerar Tanti. Filasta yana ƙasa. Wayarta tana jone a soket. Jar fitilar ta mutu.

"Me kika yi?"

"Caji na sa. Na ga ba kallo ake ba."

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na dai san maza biyu ne suka riƙe ni, Fifame tana jan rigata tana cewa, "Baban Sena, gidan makoki ne," matar kuma tana tambayar jama'a ko dama ana barin mahaukata a gidan haya. Na zauna a bakin famfo na sa kai cikin gwiwa. A nan kukan da ban yi a asibiti ba ya same ni.

Da la'asar Setonji ya iso. Aka yi koke-koke, aka rungume shi, aka ja shi nan aka ja shi can. Da ya samu ya zame ya shiga ɗakin uwarsa, ya leƙo ya yafito ni. Na same shi tsaye gaban talabijin yana kallon abin da ke reto a ƙasansa, ɗan farin akwati, wayoyi kala-kala, ƙullin filasta, fankarmu, ledojin Razaki da aka cusa bayan kabad.

"Ta ce mini ko zama ba ka yi ba ka jona."

"Kusan haka ne."

Ya ɗaga farin akwatin ya juya shi, ya ajiye. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Da na bar mata tsohon."

"Na kawo mata irinsa cikin ruwan sama, ta kore ni da shi. Naka take so."

Ya dube ni yana neman ƙarya a fuskata, bai samu ba. Zancen dogon bulo kuwa ban yi masa ba.

"Kunna mini," ya ce.

Na cire wayar matar nan na ajiye mata a waje, na mayar da injin, na kunna. Sarewar ta fara daga farko, a hankali. Setonji bai zauna a kujerar ba. Ya naɗe ƙafa a ƙasa kusa da ita, ya ɗauki linzamin da madannansa suka goge har launi ya fita, ya riƙe da hannu biyu. A tsakar gida matan coci sun fara waƙa, masu rumfa suna buga ƙarfe.

Bulon farko ya sauko, bai danna ba. Na biyu ya sauka a kansa, na uku ya bi. Na ja ƙofar na jingina da ita. Muka zuba musu ido suna hawa juna a tsakiya, ɗaya bisa ɗaya, gefe da gefe fili.